Launin hayaƙi yana faɗin ciwon mota

Kowace shekara idan aka cire albasa a garaken Galmi da Dogarawa da Tsarnawa, ko aka buɗe rudu bayan farashi ya tashi, akwai waɗanda kuɗi ke shiga hannunsu a dunƙule. Wani ya aurar da ɗiya, wani ya sayi shanun huɗa, wani ya ta da ɗakin siminti. Wani kuwa, da ya gaji da biyan kuɗin dako daga garka zuwa kasuwa, sai ya ce shi ma mota zai saya. Sabuwa dai ba ta manomi ba ce. Wadda hannunsa zai kai gare ta ita ce wadda wani ya hau har ya gaji, ko a Turai ko a nan gida. To, a nan ne gumin shekara guda ke iya salwanta cikin yini ɗaya.

A shekara ta 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Hukumomin ƙasar Holan sun duba waɗanda ake lodawa a tashoshin jirgin ruwansu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu sun yi shekara 16 zuwa 20 suna aiki. Mutanen Birnin Ƙonni ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan fatauci. Shekara da shekaru motocin Kwatano suna biyowa ta Gaya da Doso su sauka a Ƙonni, wasu su tsallaka iyaka su nufi Sakkwato, wasu su tsaya a nan. Hanyar ta sha canji: a Janairun 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na tudu, a 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, har fatake suka koma bin hanyar Lome. Amma ko ta ina mota ta biyo, tambayar mai saye ɗaya ce: wannan injin, wane ƙarfi ya rage masa?

Fenti yana rufe tsatsa. Agogon da ke ƙirga kilomita ana iya mayar da shi baya. Abin da ke da wuyar ɓoyewa shi ne hayaƙin da ke fita daga salansa, domin daga cikin cikin inji yake fitowa. Wanda ya san launinsa, ya kuma lura da lokacin da yake fita, ba zai sayi kifi a ruwa ba. In kuwa motar ta riga ta zama tasa, zai san ciwon da ke bukatar buɗe inji da wanda tsumma da ruwan zafi za su warkar.

Je ka da sassafe

Kada ka yarda a nuna maka mota da rana tsaka, inji yana ta ruri. Ka yi alkawari da dillali da sassafe, kuma kafin a murɗa makulli ka ɗaga murfin inji ka kai bayan hannunka kusa da shi. In ka ji ɗumi, an riga an ta da shi kafin ka zo, sai ka ce za ka dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ka tafi da abokin tafiya, shi ya ta da mota, kai ka tsaya a baya, gefen da iska ba ta kaɗowa, idonka a kan salansa.

Abu uku za ka duba: hayaƙin da ya fita a tashin farko, wanda ke fita bayan an bar inji yana aiki a tsaye kamar minti goma sannan aka taka totur, da wanda ke fita a kan hanya idan mota ta ɗauki kaya. Na ukun nan shi ne ake yawan mantawa. A ɗora mata mutane ko buhuna, a hau titi, kai kuma ka bi ta a kan babur kana kallo. Motar da ta yi tsit a gaban gareji tana iya turnuƙe hanya da zarar ta ji nauyi.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi

Wannan baƙin mai ne ke ƙonewa, wato man da aka zuba don ya sulɓanta ƙarafan inji. Ba wurinsa ba ne ya shiga inda fetur ke cin wuta. Warinsa ƙauri ne mai nauyi, kuma yana daɗewa a iska bai baje ba. In ka sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce, za ka ji maiƙo.

Lokacin fitarsa ne ke nuna ta ina man ya shiga. Idan ya fito gaba ɗaya a tashin farko sannan ya ɗauke, ko ya fito bayan mota ta daɗe a tsaye aka taka totur, mafi yawa robobin da ke kan bawul ne suka bushe, man yana ɗiga ta sama. Zafin ƙasarmu yana busar da roba da wuri. Wannan gyara ne mai ɗan dama. Amma idan hayaƙin yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, bai kuma ɗaukewa ko inji ya yi zafi, to zobban da ke jikin fistan ne suka cinye, waɗanda kanikawanmu ke kira sagman. Wannan sai an sauke inji, kuma kuɗinsa na iya cin buhunan albasa masu yawa. Ga wata hanyar tabbatarwa: inji yana aiki a tsaye, ka kwance murfin da ake zuba mai. Ɗan numfashi kaɗan ba laifi ba ne. In kuwa yana busowa fuf-fuf kamar zugazugin maƙeri, har da hayaƙi, zobban sun gama aiki.

Kafin a yanke wa inji wannan hukunci, a zaro sandar awon mai a duba. Akwai masu cika mai har ya wuce alamar sama, wai don ya daɗe, alhali man da ya yi yawa shi ma yana sa hayaƙi. A duba kuma ɗan bututun robar da inji ke numfashi ta cikinsa, domin in ya toshe yana tura mai inda bai kamata ba. A motar da ke da turbo, shi ma yana iya zama mafarin yoyon.

Wasu masu sayarwa suna zuba mai mai kauri ƙwarai, ko wani magani mai danƙo, don hayaƙin ya lafa na ƴan kwanaki. In man da ke jikin sanda yana jan zare kamar zuma, ka yi tambaya. Wanda kuma ya riga ya saya, ya riƙa awo. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ne. Daga Ƙonni zuwa Yamai da dawowa kilomita 800 ne da ɗoriya. Motar da ta shanye lita guda a wannan tafiya, ta fara kiran bakanike.

Farin hayaƙi

A nan sai an yi hankali, don kada a zargi mota da laifin da ba ta yi ba. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi. Da zafi ba ka ganinsa. Amma da asubahin Disamba da Janairu, lokacin da mutum ma in ya yi numfashi ana ganin tururin bakinsa, salansa tana fitar da farin tururi marar kauri, har da ɗigon ruwa. Ba ya da wari, yana ɓacewa nan take, kuma yana ɗaukewa idan inji ya ɗumama. Wannan lafiya ce.

Wanda ake tsoro shi ne fari mai kauri, wanda ba ya ɗaukewa ko an yi tafiya mai nisa. Ruwan lagireto ne ke shiga cikin silinda, galibi saboda gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, ko kuma kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage. Shaidunsa ba su ɓuya. Ruwa yana raguwa kullum alhali ba a ga inda yake zuba ba. In aka buɗe lagireto inji yana da sanyi, sannan aka ta da shi, za a ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Wani lokaci kuma man inji yana komawa launin shayi da madara, ya manne a cikin murfi. Motar da ke da waɗannan alamu, kada ka saye ta da farashin lafiyayya, komai kyan kujerunta.

Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Zafi ne ke ƙona shi, kuma zafin nan muna da hannu a ciki. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Adar yana wuce awo 40, daidai lokacin da ake lodin albasa. Sannan ga ruwan da muke zubawa. Ƙasar Malbaza farin dutse gare ta, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a can, kuma ruwan rijiyoyi da yawa yana ɗauke da ɓurɓushin ma'adinai. Duba cikin butar shayin da ta daɗe, ka ga farin abin da ya manne mata. Haka yake mannewa a ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan shi ne daidai. In babu, gara ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace. A riƙa kuma kakkaɓe ƙaiƙayi da ciyawa da ƙwari daga fuskar lagireto, musamman lokacin sussuka.

Akwai wata al'ada a garejinmu, wato da mota ta fara zafi sai a cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. Wannan ba magani ba ne, rufe ciwo ne da riga. Lagireton da ya toshe yana nan a toshe, kuma injin da ba ya kai ɗuminsa da wuri yana ƙara shan fetur.

Idan allurar zafi ta hau ja, a tsaya, a kashe inji, a jira. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, domin ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana iya saɓule fatar fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a injin da ya yi zau, kan injin na iya tsagewa.

Motar gazuwal tana da nata farin hayaƙin dabam, mai yaji a ido, wanda ke fita da safe tare da wahalar tashi. Gazuwal ne da bai ƙone ba. Yawanci bujin da ke ɗumama silinda ne suka mutu, kuma canza su ba shi da wuya.

Baƙin hayaƙi

Wannan shi ne ya fi tsoratar da mutane, amma sau da yawa shi ne mafi arahar gyara. Ma'anarsa mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Kowace lita ta fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone sarai, kuma duk wannan iskar ta cikin matacin iska take bi, wato filta. Yanzu ka tuna da hazon hunturu, ka tuna da ƙurar hanyoyin ƙauye zuwa kasuwar Badagishiri ko cikin ƙasar Illela, inda mota ke bin bayan mota. Tsawon tafiyar da masu ƙera mota suka rubuta a canza filta, sun auna shi ne da titunan Turai. A nan rabinsa ma ya yi yawa.

Saboda haka, kafin kowa ya sa sukuddireba a kafireto ko a famfon gazuwal, a buɗe akwatin filta. A ciro ta, a bubbuga ta a hankali, a ɗaga ta sama a duba ko hasken rana yana ratsa ta. In ba ya ratsawa, a sayi sabuwa. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Mafi muni shi ne a cire ta gaba ɗaya don inji ya sami iska. Hayaƙin zai ragu, gaskiya ne, mota ma ta ƙara ƙarfi na ɗan lokaci. Amma ƙurar da ke shiga yashi ne, kuma tana cin zobban fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin gero. Bayan ƴan watanni baƙin hayaƙi ya tafi, shuɗi ya zo, garin neman gira an rasa ido.

In filta lafiya take, sai a duba gaba. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da akori-kura 404, wani lokaci makullin iskar da ake ja da safe ne ya maƙale bai koma ba. Motocin da suka biyo baya ba su da kafireto. Ƙaramar kwamfuta ce ke auna musu mai, tana dogara da wasu ƙananan na'urori masu gaya mata yawan iska da ɗumin inji. In ɗaya ta yi datti, ko wayarta ta sunce, sai kwamfutar ta yi ta zuba mai. A irin wannan mota akwai fitila mai hoton inji a gaban direba. Murɗa makulli ba tare da ka ta da mota ba: dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta don ta yi shiru. Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001, da na gazuwal daga 2004, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto ciwon. Kuɗin karantawar bai kai na canza kayan da ba su mutu ba.

A motar gazuwal, baƙin hayaƙi kan zo daga nozul da suka gaji, suna ɗigar da mai maimakon su fesa shi. Yana kuma zuwa daga lodi. Motar da aka ƙera don tan ɗaya aka ɗora mata biyu, direba ya danne totur a babbar giya, dole ta yi hayaƙi ko sabuwa ce.

Sai maganar man kansa. Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 ƙasarmu ke tace man kanta, amma a bakin iyaka man kwalba, wato ruwa-ruwa, ya daɗe yana ciyar da gidaje da yawa, ko da yake ribarsa ta ragu tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ba duka ne gurɓatacce ba. Sai dai man da ya bi jarka da mazurari da kwalba yana iya kwasar ƙasa da ruwa, wani ma a gauraya shi da kananzir. In mota ta fara tari da hayaƙi jim kaɗan bayan an sha mai, a fara zargin man kafin a zargi inji. A ɗaga kwalba a duba ta a rana, domin ruwa a ƙasa yake kwanciya, kuma a tace da kyalle mai tsabta.

Buji ma shaida ne. A kwance su ɗaya-ɗaya a jera bisa tsari. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya yake. Mai busasshiyar kunkunniya yana cewa mai ya yi yawa. Mai jiƙe da maiƙo yana nuna baƙin mai. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali ƴan'uwansa suna da datti, ruwa ne ke shiga silindarsa. Bujin da ya mutu kuma yana sa inji ɗingishi, fetur ya fita ɗanye. Ka ga ke nan wani hayaƙin asalinsa ciwon wuta ne.

Ƙananan ciwace-ciwacen wuta

Mota ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas take yi. Kafin ka sayi sabon batir, kunna fitilun gaba ka sa wani ya murɗa makulli. In fitilu suka dushe, batir ne ya yi rauni ko kawunansa ba su kama ba. In suka tsaya da haskensu amma inji bai juya ba, a nemi laifin a wajen sitata ko makulli. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari ko kore ya taru a kawunan batir, shi ne ya tare wuta. A kwance waya, ta alamar ragi da farko, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. A wanke da ruwan zafi da ƴar kanwa, a kula kada ya shiga cikin batir, a goge, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A bi kuma kakkaurar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota. In ta yi tsatsa ko ta saki, sai ka ga abin mamaki: a taka birki sigina ta kama, a kunna fitila allura ta motsa. Ba aljannu ba ne.

Akwai ɗan agogon awon wuta da ake samu a shagunan kayan lantarki, kuma duk wanda ya koyi karanta lamba zai iya aiki da shi. Batir ɗin da ya kwana a cike yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka, dinamon da ke cajin batir ba ya aiki sosai. Sama da 15, yana dafa batir ne. Wasu suna gwada caji ta hanyar cire kan batir inji yana aiki. A motar da ke da kwamfuta wannan ganganci ne, yana iya ƙona ta nan take.

Zafi ya fi sanyi kashe batir, domin yana ƙafar da ruwansa. In mai murafu ne, a duba shi kowane wata, a ƙara tataccen ruwan batir kawai. Ba ruwan rijiya ba, ba asid ba. Kada a kusance shi da taba ko ashana lokacin caji, iskar da yake fitarwa tana fashewa. In ruwansa ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.

Fitila mai hoton batir in ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a duba bel. A motoci da yawa bel ɗin da ke juya dinamo shi ne ke juya famfon ruwa. Direban da ya ce bari ya ƙarasa Tawa tukuna, bel ɗin da ya tsinke zai jawo masa ƙonewar gaskit.

Fis kuwa mai gadi ne, an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. Kowane yana da lamba da launi: 10 ja ne, 15 shuɗi, 20 rawaya. A maye shi da irinsa. Wanda ya naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba ya kori mai gadi, kuma da haka ne motoci ke kamawa da wuta. In sabon fis ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Motar da ke dakon hatsi ko take kwana kusa da rumbu, a fara neman aikin ɓera. Batir ɗin da ke wayar gari babu wuta kuma, a duba rediyon da aka jona kai tsaye, da abin cajin salula da aka bari a soke.

Mataccen batir a mayar wa mai shago. Kada a fasa shi a gida don a ciri darma. A unguwar Caroy ta bakin teku, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar darmar tsofaffin batura da ta gauraye da ƙasar gidajensu. Haka man juye, wanda direbobinmu ke kira bidanji: kada a zubar da shi a garka ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a gyambon dabba.

Hayaƙin da ido ba ya gani

A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo dajin huhu. Wannan cuta ce ta shekaru, kuma ƴan tasha da kanikawa da masu talla a bakin titi su suka fi shaƙa. Amma akwai mai kisa cikin sa'a guda. Kowane inji yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monosaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Motocin zamani suna da wata tukunya a jikin salansa mai rage wannan guba, sai dai ana yawan yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. A leƙa ƙarƙashin mota, in an ga sabuwar walda a tsakiyar salansa, a tambaya.

Salansar da ta huje a ƙarƙashin kujeru tana tura gubar cikin mota. Waɗanda ke zaune a bayan akori-kura mai rufin tamfol su suka fi shiga haɗari, musamman yara da mata masu juna biyu. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Ana ɗaukarsa masassara, amma babu zafin jiki, yana kama mutane da yawa lokaci guda, kuma yana sauƙi idan an fita iska. Kada a kwana a mota inji yana aiki, kada a ta da ita cikin rufaffen ɗaki. Masu noman rani a kwarin Majiya su lura, injin ban ruwa ma haka yake. Idan ruwa ya yi nisa aka saukar da inji cikin rami ko rijiya, gubar tana taruwa a ciki, ta kuma daɗe bayan an kashe shi. Wanda ya faɗi a ciki, kada wani ya bi shi ba igiya a ƙugu da mutane a sama. A fitar da shi iska, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko na Ƙonni ko na Galmi, a kuma gaya wa likita cewa kusa da inji aka same shi.

Gwada salansa ba ya cin ko dala. A fili, inji yana aiki a tsaye kuma bai yi zafi ba, wani ya danna tsumma mai kauri a bakinta na ɗan lokaci kaɗan, kai kuma ka tsuguna a gefe ka saurara. In lafiya take, za ta ture tsumman da ƙarfi. In ta huje, za ka ji tana huci a ƙarƙashi, kuma a wurin za ka ga baƙin tabon kunkunniya. Nan mai walda zai sa wutarsa kafin a ɗauki fasinja.